Mota Mai Naɗe Rufinta

A wannan fitowa za mu taɓo batun da wasu za su ga kamar bai dace da mujallar iyali ba, wato batun mota. Dalili kuwa wata takarda ce da ta iso mana daga wata uwa a nan cikin garin Malanville, wadda ta roƙi a sakaya sunanta. Ɗanta ɗan kasuwar albasa ne, ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa a kaka biyu, aurensa na tafe bayan babbar salla, kuma ya kafe a kan sai ya sauka Kwatano ya sayo irin motar nan da rufinta na ƙarfe ke tashi ya naɗe kansa ya shige baya. Kuɗin da ke hannunsa bai kai ba, bashi zai ci ya cika. Uwar tana tambaya ko addini ya yarda da irin wannan abin hawa, da kuma ko zai amfane shi bayan an watse daga biki. Ta rufe takardarta da cewa: "Malam, ni ban san mota ba, amma na san ɗana." Saboda haka muka zauna da direbobi da makanikai, da wasu da suka taɓa riƙe irinta, domin amsarmu ta kasance a kan sani.

Mutumin Malanville ba baƙon mota ba ne. Tun cikin shekarun 1990 muka saba ganin jerin gwanon motocin da aka gama hawa a Turai suna tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su ci kusan kilomita 730 ta Bohicon da Save da Paraku da Kandi, su zo su kwana a bakin duwan suna jiran takardun tsallaka gadar Kwara zuwa Gaya. Daga can wasu su nufi Doso da Yamai, wasu Ƙonni da Maraɗi, da yawa kuma su ƙarasa Nijeriya. Yaranmu sun riƙe sunayen motoci tun kafin su riƙe ƙidaya. A cikin waɗannan ayarori jefi-jefi akan hango wata ƴar guntuwa mai ƙofa biyu, an rubuta CC a bayanta, yara su bi ta da gudu suna roƙon direba ya buɗe musu rufin su gani. A wancan lokaci wucewa take yi. Yanzu da ta tsufa, farashinta ya faɗi, sai ta fara tsayawa a ƙofar gidajenmu.

Haruffan nan biyu taƙaitawa ce ta kalmar Faransanci coupé-cabriolet, wato mota ɗaya mai kama biyu: in an rufe ta ga mota mai rufin ƙarfe kamar kowace, in an buɗe ga ta ba komai a samanta sai sararin Allah. Dabarar ta tsufa fiye da yadda samarinmu ke zato. Wani likitan haƙori ne a birnin Paris, mai suna Georges Paulin, ya ƙirƙiro ta, kuma tun 1934 aka fara ganin motocin Peugeot masu irin wannan rufi, waɗanda aka raɗa wa suna Eclipse. Shi Paulin ɗin sojojin Jamus ne suka harbe shi a 1942 saboda yana cikin masu yi musu tirjiya lokacin da suka mamaye Faransa. A Amurka kamfanin Ford ya gwada tasa mai suna Skyliner daga 1957 zuwa 1959, ya ajiye. A 1996 Mercedes ta fito da motarta SLK, wadda rufinta ke naɗewa cikin daƙiƙa 25 ko kusa da haka. Amma wadda ta kai wannan ado hannun mai matsakaicin ƙarfi ita ce Peugeot 206 CC, da ta fito a shekarar 2000, aka ƙera fiye da 300,000 kafin a daina. Nan da nan sauran kamfanoni suka bi sahu: Peugeot 307 CC da Renault Mégane CC a 2003, Volkswagen Eos a 2006, Peugeot 207 CC a 2007.

Yayin bai daɗe ba. Zuwa 2016 Peugeot da Renault da Volkswagen duk sun daina ƙera irinta, Mercedes ma ta tsayar da magajiyar SLK a 2020. Kamfanin Heuliez, wanda shi ke haɗa rufin 206 CC, ya rufe ƙofarsa tun 2013. Turawan da suka yi rububinta sun gano tana da nauyi, gyaranta da tsada, wurin kayanta kaɗan. Mai karatu ya lura da wannan da kyau, domin shi ne asirin arahar da ke ruɗin yaranmu. Duk 206 CC da za a tarar yau a filayen sayar da motoci na hanyar Seme ta ba shekara 15 baya, wasu sun haura 20, kuma rufinta ya tsufa tare da ita a ƙasar da ba ta san ƙurarmu ba.

Ga yadda abin yake aiki, kamar yadda makanikai suka warware mana. A cikin ma'ajin kaya na baya akwai ɗan famfo mai aiki da lantarki, wanda ke tura wani mai na musamman ta cikin siraran bututai zuwa wasu sanduna masu shiga da fita. Su ne hannuwan da ke ɗaga murfin baya, su karya rufin gida biyu, su kwantar da shi tare da gilashinsa, sannan su mayar da murfin. A 206 CC sai direba ya fara kwance maƙalai biyu da hannunsa a saman gilashin gaba, sannan ya danne maɓalli na kimanin daƙiƙa 20. A kowace gaɓa ta wannan tafiya akwai wani ɗan makunni, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, da ke sanar da kwamfutar motar cewa wannan mataki ya kammala, a shiga na gaba. Akwai wanda ke shaida cewa an ja labulen da ke raba kaya da wurin kwanciyar rufi, akwai mai shaida cewa gilasan gefe sun sauka, akwai mai shaida cewa murfin baya ya kulle. Ɗaya daga cikinsu ya yi shiru, sai komai ya tsaya cak a inda yake. Ba wauta ba ce ta sa aka yi haka, an yi ne don kada ƙarfe ya hau kan ƙarfe ya fasa gilashi. Amma sakamakonsa ga mai motar shi ne rufi ya iya tsayawa a tsakiya, bai buɗe ba bai rufe ba, murfin baya a sama kamar bakin kada, kuma a haka ba a tuƙa ta.

To, me ke sa ɗan makunni yin shiru? Ƙura da tsufa da girgizar hanya, kuma duka ukun muna da su har da na kyauta. Ƙurar hunturu ba ta neman izini, takan shiga inda allura ba ta shiga, ta haɗu da man shafawar gaɓoɓin rufi ta zama kamar ƙullun yashi, tana cin ƙarfe a hankali. Zafin bazara kuma yakan busar da robobin da ke tsakanin sassan rufin. Mota mai rufi ɗaya robobinta na bakin ƙofa ne kawai, wannan kuwa rufinta gunduwa-gunduwa ne, kowace mahaɗa da robarta, kuma duk wadda ta tsage ƙofa ce ga ruwan damina. Ruwan ba ya zuba a kan mutum don ya sani da wuri. Sulalewa yake yi ta gefe ya taru ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa da cikin ma'ajin kaya, inda wayoyi da famfon suke, sai bayan wata guda a ji wari, bayan wata uku lantarki ya fara wasa da hankalin mai ita. Wani dattijon makaniki ya ce mana duk saurayin da ya kawo masa irinta tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Ɗana, injin ne ko rufin?" In injin ne, ya ce a buɗe gaba, domin injin 206 ne da kowane yaron gareji ya sani, kayansa kuma ba su da wuyar samu. In rufin ne, sai ya ce a nemi kujera a zauna, domin maganar ta Paraku ce ko Kwatano, wani lokaci ma sai an aika Turai an ciro daga wata da ta mutu. Ƙarshen da yawa daga cikinsu shi ne mai motar ya gaji, a rufe rufin da hannu, a cire wayar maɓallin, a bi mahaɗan da danƙo. Daga ranar ya zama mai ƴar ƙaramar mota mai ƙofa biyu, wadda ya biya kuɗin buɗewarta kuma ba ta buɗewa.

Mu ɗauka ma an yi dace, rufin lafiyarsa lau. Yaushe za a buɗe shi? Waɗanda suka ƙera wannan mota mutane ne da ke kwana suna marmarin rana, in ta leƙo su tuɓe riga su bi ta. Mu kuwa tun kakanni neman inuwa muke yi, shi ya sa muke dasa dogon yaro a ƙofar gida, muke kafa rumfa a kasuwa, muke naɗa rawani. Daga Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura 40 a ma'auni, kujera da sitiyari su yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, kuma iskar da ke kaɗa fuskar mai tafiya takan ɓoye masa irin dukan da rana ke yi wa kansa, sai ya sauka ya ji jiri. Babba ke nan, ina ga jariri a cinyar uwarsa? Na'urar sanyi kuwa ba ta da abin da za ta sanyaya in ba rufi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne da ƙura, ga manyan motocin auduga da na kaya a kan hanyar Kandi, wanda ya bi bayan ɗaya da farar riga zai isa da ja. Damina kuma kowa ya san yadda hadarinmu yake: gabas ta yi baƙi, iska ta taso da yashi, kafin a ce kwabo ruwa ya sauko. Daƙiƙa 20 kaɗan ce a baki, amma sai an samu wuri mai daidai an tsaya, kuma ranar ce ɗan makunnin kan zaɓa ya yi gardama.

Abin da ya rage shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba, bayan la'asar sakaliya. A nan kam ba za mu ɓoye gaskiya ba, abin yana da daɗi. Wanda ya bi gefen fadamun shinkafa a irin wannan lokaci, iska mai sanyi na tasowa daga kogi, masunta na dawowa da kwale-kwalensu, sama a buɗe har iyakar gani, zai fahimci dalilin da ya sa mutum ke sayen irin wannan mota, kuma in zuciyarsa a farke take zai yi tasbihi. Sai dai ya tabbata ya rufe kafin magariba, domin sauron fadama shi ma yana son mota marar rufi. In aka haɗa waɗannan yammace-yammace wuri guda, makonni ne ƴan kaɗan a shekara. Sauran watannin duka mutum yana ɗauke ne da nauyin famfo da sanduna da ƙarafan da aka ƙara wa ƙasan motar, yana zuba musu mai. Man ma tun da Nijeriya ta janye tallafinsa a watan Mayun 2023, na kwalba da muke kira kpayo ya bar arahar da muka san shi da ita.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ma'anar mota a garinmu. A ƙasar Turai mota ta mai ita ce shi kaɗai. A nan, ranar da mutum ya ajiye mota a ƙofar gida, unguwa ce ta samu mota. Ita za a buga wa ƙofa da tsakar dare in naƙuda ta kama matar maƙwabci. Ita za ta kai tsohuwa asibiti, ta kai dangi ta'aziyya Gene ko Madekali, ta ɗauko buhun shinkafa daga kasuwa, ta rage wa liman hanya ranar Juma'a. Wannan haƙƙi ne da ba a rubuta ba, kuma lada ne da Allah ke kawo wa mai mota har gida. To, a dubi 206 CC da wannan ido. Ƙofa biyu gare ta. Kujerun bayanta na suna ne kawai, yaro ɗan shekara goma ma sai ya naɗe ƙafafu, kuma kafin a kai gare su sai an kwantar da kujerar gaba an sunkuya an kutsa. Mace mai naƙuda za ta zauna gaba, to ina ungozoma ko uwarta za su zauna? Yaya za a ce wa Hajiya mai ciwon gwiwa ta kutsa ta bayan kujera? Ma'ajin kayan yana da ɗan faɗi in rufi na sama, amma da zarar an naɗe shi fiye da rabin wurin ya tafi, abin da ya rage kuma yana ƙarƙashin rufin, sai an zura hannu. Da yawa daga cikinsu ba su zuwa da tayar ajiya, sai ɗan gwangwanin liƙe huji, wanda ba ya maganin tayar da dutse ya yaga a hanyar Karimama. Ga ta kuma a ƙasa-ƙasa, cikinta na shafar kowane tudu a layukan unguwanninmu bayan ruwa ya zaizaye su. Mota da aka yanke wa rufi kamar ƙwarya ce da aka cire wa baki, duk ƙarfin da aka ƙara mata a ƙasa, ramukan hanya suna murɗa ta, kuma murɗawar nan ce ke sa mahaɗan rufi su daina haɗuwa daidai.

Akwai kuma abin da masu ita ba su faɗa sai an matsa musu. Mai buɗaɗɗiyar mota ba shi da sirri. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi, duk mai buƙata ya gan shi ido da ido, kuma ranar da ya ci karo da surukinsa yana tafiya masallaci a ƙasa, ba gilashin da zai fake a bayansa. Hula ba ta zama a kai, mayafi sai an riƙe shi da hannu biyu. Amaryar da aka tarbiyyantar a kan kunya, a ɗora ta a tsallaka da ita kasuwar Malanville ranar Asabar idon duniya a kanta, ba lalle ne ta ɗauki hakan a matsayin karramawa ba, ko da ba ta faɗa ba. Ya kamata a tambaye ta.

Yanzu ga amsar tambayar farko. Inna, ba mu san wani malami da ya haramta mota saboda siffar rufinta ba. Asalin abubuwan amfani halacci ne, kuma a Suratun Nahli Allah ya ambaci dabbobin hawa cikin ni'imominsa, ya haɗa hawansu da adon da ke cikinsu. Kakanninmu sun yi wa dawaki kwalliya, har yau ana hawan salla a Kano da Katsina, ba wanda ya ce sun saɓa. Wanda Allah ya yalwata masa, ya sauke haƙƙin iyalinsa, ya fitar da zakkarsa, yana da wata motar ta hidimar gida, sannan ya sayi wannan don shan iskar kaka, ba mu da ta cewa sai fatan Allah ya tsare. Amma Alƙur'anin da ya halatta ado shi ne ya ba mu labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasasi, ranar da ya fito wa mutanensa cikin ƙawarsa har zukatan masu rauni suka yi burin irin abin da aka ba shi. Bambancin yana cikin niyya, kuma wannan mota, fiye da kowace, tana jarraba niyya, domin an yi ta ne a ga wanda ke ciki. Sai saurayi ya tambayi kansa tsakaninsa da Ubangijinsa: da a ce ba mai kallo a hanya, zai buɗe rufin? Balle kuma a wannan lokaci. Tun da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma Nijar ta bar nata ɓangaren a rufe ko bayan da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, gidaje nawa ne a garin nan, na ƴan dako da masu abinci da ƴan kamasho, suka koma cin abinci sau ɗaya a yini? Ido yana da haƙƙi, maƙwabci ma haka.

Maganar bashi ta fi wannan nauyi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga bashi, kuma malamai sun yi bayanin cewa wanda ya rasu da shi a wuyansa al'amarinsa na rataye har sai an biya. In bashin mai ruwa ne, to an bar batun dacewa an shiga batun haramun. Ko da marar ruwa ne, ango na shiga wata rayuwa ce da ciyarwa da tufatarwa da muhalli da magani suka zama wajibi a kansa, kuma jarinsa albasa ce, wadda kowa ya san halinta: bana ta yi tsada a yi dariya, baɗi ta ruɓe a rumbu. Wani zai ce in ta ƙi sai a sayar. A sayar wa wa? Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kasuwar da ta saba haɗiye kowace irin mota ba ta koma yadda take ba. Mai neman motar haya ba ya kallon mai ƙofa biyu, mai iyali ma haka. Tsohuwar Toyota ko da ta sha wuya ana zuwa nemanta har gida, ita kuwa wannan sai an samu wani saurayin da irin ciwon ya kama. Shawararmu ga Inna ita ce kada ta tsaya a kan cewa haramun ne, domin zai tambayi malami ya ji ba haka ba ne, sai maganarta ta zube. Ta kira shi a keɓe, ta sa kawunsa ko wani dattijon da yake jin nauyinsa a tsakani, a ɗauki alƙalami a lissafa masa kuɗin mota da na duwan da na takardu da inshora da duba lafiyarta a CNSR kowace shekara da mai da gyara, a ajiye kusa da jarinsa. In marmarin ranar biki ne kawai, aron ta yini ɗaya ko hayarta ya wadatar.

Wanda kuma ya riga ya saya, ko yake da hali kuma ya ƙudurta, kada ya yi cinikin biri a sama ta wayar tarho da hoto. Ya je da ƙafarsa, da makanikinsa, ya sa a buɗe rufin a rufe sau uku a jere a gabansa yana sauraron kukan famfon, ko yana tafiya sumul ko yana numfashi da ƙyar. Sannan a rufe, a kwarara mata bokitin ruwa biyu ta sama, ya shiga ciki ya shafa gefen gilasai, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa da ta ma'ajin kaya ya duba danshi ko tsatsa ko alamar mai. Dillalin da ya ce batir ya yi sanyi, a bari sai gobe, ya riga ya ba da amsa. Bayan an kawo ta gida, a sama mata inuwa. Kada a taɓa maɓallin sai inji na aiki kuma mota na tsaye a wuri mai daidai. A riƙa goge robobin da tsumma mai laima, a shafa musu man silikon, ba baƙin man inji ba, domin shi cinye roba yake yi. A riƙa zare ganye da yashi daga ƴan magudanan ruwa kafin damina ta faɗi. Ko a watannin da ba a buƙatar buɗewa, a motsa rufin sau ɗaya ko biyu a wata da sassafe don kada gaɓoɓinsa su sandare. Littafin motar yana bayanin yadda mutum biyu za su rufe shi da hannu in ya maƙale, a nemi mai Faransanci ya karanta a gwada a cikin gida tun kafin ranar buƙata.

Akwai abu guda da ba shawara ba ne, roƙo ne, kuma ga iyaye da limamai da shugabannin samari muke miƙa shi. Mun ga yadda ake yi da irin wannan mota ranar ɗaukar amarya: a buɗe rufi, abokan ango su hau su zauna a kan murfin baya ƙafafunsu a kan kujera, wasu a tsaye suna ɗaukar hoto da waya, yara ƙanana a tsakaninsu, babura na zagaye, a bi babbar hanyar da manyan motoci ke bi ana gudu ana busa. Ƙarafan kariya da ke bayan kujeru da ƙarfin da aka yi wa ginshiƙan gilashin gaba an yi su ne don wanda ke zaune a kujerarsa ya ɗaura ɗamara. Wanda ke kan murfi ba abin da ke riƙe da shi, birki ɗaya saboda akuya ko ɗan babur ya isa ya wurgo shi kan kwalta, kuma kai ne ke fara sauka. Mazauni huɗu ne a motar, mutum huɗu za su shiga, kowa a zaune. Muna roƙon limamin da zai ɗaura aure ya ƙara wannan jan kunne a cikin nasiharsa bayan fatiha, waliyyin amarya kuma ya sa shi cikin sharaɗi tun ranar sa rana, ya kuma wakilta wani babba ya shiga gaban ayarin da motarsa don kada a wuce shi.

Masu tambaya a kan wannan ko wani batun na gida za su iya ajiye takardunsu a ofishin ƙungiya bayan sallar Juma'a, da Hausa ko da Faransanci.